Yadda Wani Ya Zama Zani

Jikokina biyu sun zo hutun sallah Mafara, sun hana ni barcin rana da gardama. Asma'u da Nura ke nan, 'ya'yan wa da ƙane, dukansu aikin rubuta wa kwamfuta umarni suke yi a birni. Kowa yana da wurin da yake yin rubutunsa, baƙin allo ne babu hoto babu ado, sai haruffa. Na Asma'u sunansa Bim, na Nura Imaks, haka dai kunnena ya ɗauka. Ita ta ce nasa sai mutum ya danne maɓalli da ɗan ƙaramin yatsa sannan ya lalubo wani, kafin ya yi furfura yatsan ya shanye. Shi ya ce nata gidan aljanu ne, maɓalli guda yanzu yana rubuta harafi, an jima yana share layi, baƙo kuwa in ya shiga bai san ƙofar fita ba. Abu guda sunka haɗu a kai, raina wani abokinsu mai aiki da Nano, wai don nasa yana rubuta masa abin da zai danna a ƙasan allo.

Da gardama ta yi zafi sai Nura ya janyo kwamfutar Asma'u zai nuna mata wani abu. Yatsunsa sunka tafi inda sunka saba, rubutu ya birkice, ya yi sororo yana duban hannunsa kamar na aro. Na ce masa na taɓa ganin irin fuskar nan a gaban keken rubutu, a zauren gidan nan ma kuwa. Ya ce, "Haba amaryata, ke da keken rubutu? Wancan ai danna ka gani ne. Ko akuya ta taka, harafi ya fito." To, Asma'u, buga abin da zan faɗa, ki ba angon nan nawa ya karanta.

Keken rubutun da na fara sa wa hannu na wani akawun kotu ne, ƙararrawarsa ta daina bugawa. Maigidana Malam Bawa, Allah ya jiƙan sa, gyaran keken ɗinki da agogo ya iya. Da anka fara aikin madatsar Bakolori gari ya cika da ofisoshi, kowane ofis da tafiretarsa, wato keken rubutu, mai gyara kuwa sai Gusau ko Sakkwato. Bawa ya ce duk abin da ke da sukuru da sifirin ba ya gagarar mai keken ɗinki, ya fara karɓa. Sai dai tun lokacin hannunsa ya soma rawa, don haka ya riƙa shigo da su cikin gida, yana nunawa ina kwancewa. Ran nan na zare wani ɗan sifirin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ya yi tsalle ya shige yashin tsakar gida. Bawa bai yi faɗa ba. Rariya ya miƙo mani. Na tankaɗe tsakar gidan nan tun hantsi har anka kira azahar kafin na gan shi. Daga ranar ban sake buɗe keke ba sai na shimfiɗa farin ƙyalle, kowane sukuru kuma na jera shi a faifai bisa yadda ya fito, don ya koma bisa yadda ya fita.

Ban yi boko ba, ban kuma taɓa sunkuyar da kai don haka ba. Haruffa na san su yadda makiyayi ya san shanunsa, da kama da wurin kwana. Mai kamar bakin rijiya shi ya fi kowa cin datti, tawada ta bushe a cikinsa har ya riƙa fitowa baƙin ɗigo, sai an sa allura an sakace. Akwai mai kamar tsani, akwai maciji, akwai haƙoran zarto wanda daga baya na ji ana ce masa W, da mai kamar walƙiya, Z ke nan. Kayan aikina ba su cika ƙwarya ba: tsohon burushin haƙori, allura, filaya mai siririn baki, sukudireba biyu, kananzir, da man keke wanda ake ɗiga shi da bakin gashin kaza. Man nan shi ne ke kashe keken rubutu. Akawu ya ji harafi yana nauyi sai ya tsiyaya masa mai kamar yana suyar ƙosai, ƙurar motocin tifa na aikin madatsa ta zo ta zauna a kai, kafin wata ya ƙare haruffa sun manne da juna. Rabin aikina wanke alherin da masu keke sunka yi wa kekensu ne.

Masu kawo gyara kashi biyu ne, kuma ba sa zama tabarma guda ba su taɓa juna ba. Akwai masu keken Ingila, baƙi mai nauyi, gadon kotuna da ofisoshin da. Akwai masu keken da Turawan Italiya, maginan madatsa, sunka zo da shi, mara nauyi, mai launin toka. Na farko suna ce wa na biyu gwangwani, na biyu suna ce wa na farko turmi. Har a kan ƙugiyar haruffan Hausa ba su daidaita ba, tunda babu keken da ke da ita. Wani ya buga harafi ya koma baya ya ɗora masa ɗan waƙafi, wani ya bari sai ya zare takarda ya lanƙwasa da biro, kowa yana cewa ɗayan ƙazami ne. Amma babban bambanci ba a nauyi yake ba. A keken Italiya haruffa uku sun sauya ɗaki. M ya hau layin tsakiya, W da Z kuma sun yi musaya, inda wannan ke kwana a keken Ingila nan wancan yake.

Baƙin keken Malam Haruna shi na fi daɗewa ina gyarawa. Mutumin tsohuwar Maradun ne, gonakinsa suna ƙarƙashin tafkin madatsa, abin da ya rage masa a duniya yatsunsa goma. Tun yana saurayi yake bugu a kotu, daga baya ya koma ofishin da ke raba wa manoma filayen noman rani. Shi ke buga sanarwar Hausa. Ba ya duban keke in yana aiki. Idonsa na kan rufi, bakinsa na gaisawa da mai shigowa, hannu yana ta zuba. In zai kawo shi gyara a bargo yake naɗe shi, ba ya yarda masinja ya ɗauka.

Shekarar wahala ta zo bayan Turawan sun tattara sun tafi. Kaya sunka daina shigowa. Ƙyallen tawada da ake saye a kwali ya ɓace a kasuwa, sai na riƙa warware tsohon a kan igiyar shanya, in shafa masa tawadar hatimi da ɗigon mai, in bar shi ya kwana biyu a inuwa, in sake naɗewa. Yatsuna sunka yi shuɗi har mata na tambaya ko rini na koma. Keke uku matattu nake yankawa in tayar da guda. Wasu ofisoshin anka rufe, Bawa ya koma zaman jiran masu keken ɗinki. A cikin wannan shekara wani ɗan gargare mai haƙora, wanda ke sa takarda ta matsa harafi bayan harafi, ya karye a keken Malam Haruna. Na duba duk gawarwakin da ke ɗakina babu irinsa. Bawa ya aika Gusau babu, ya aika Kano babu. Na sa maƙeri ya gwada, abin ya fi ƙarfin guduma. Malam Haruna ya naɗe kekensa a bargo ya kai gida.

Keke guda ya rage a ofishinsu, na Italiya, mai aiki da shi kuma Isiyaku ne, mutumin Bakura, magidanci mai ƙuruciya, wanda a hannun Turawan ya koyi bugu. Shi ke buga takardun Turanci. Kullum da baƙin tabarau, ko a cikin ɗaki, kuma kowa ya san kirarin da yake yi wa kansa, cewa ko an ɗaure masa ido sai ya cika shafi. Anka ce su riƙa karɓa-karɓa, tsoho da safe, Isiyaku da yamma.

M bai ba Malam Haruna wahala sosai ba, don in ya kuskure shi waƙafi ke faɗowa tsakiyar kalma, kuskuren yana ihu da kansa. W da Z su ne macizan ƙaiƙayi. Ruwa ya zama ruza, Zamfara ta zama Wamfara. Yakan gama shafi ya bi shi da ido yana gogewa, aikin safiya ya kai shi azahar. Sai ranar da anka ba shi sanarwar rabon filaye ta ƙauyukan Bakura. Abin da anka ce ya buga shi ne kowane manomi ya zo da wani domin shaida. Ya tsince duk kurakuran shafin, ban da guda, don shi wannan kalma ce ta gaskiya, ido ya wuce ta bai yi tuntuɓe ba. Anka gurza kwafi a inji anka rarraba. Masu karanta wa jama'a a bakin masallaci sunka karanta abin da sunka gani: kowane manomi ya zo da zani domin shaida.

Kada ku ce manoman nan wawaye ne. Mutanen da a shekarun nan anka sa su dangwala yatsa, anka sa su ɗaukar hoto, anka auna gonakinsu da igiya da madubi, in hukuma ta ce zani me zai hana? Bawa ya ce ranar layi ya kai bakin titi, kowane dattijo da zani a hammata. Wani ya aro atamfar amarya, wani matarsa ta aiko ƙanenta ya tabbatar zanin ya dawo. Wani tsoho ya tambayi masinja ko shimfiɗawa za a yi ko ɗaurawa. Anka yi dariya har da masu riƙe ciki, amma dariyar ba ta daɗe ba. Babu shaidu babu rabo, manyan da sunka zo daga nesa sunka juya, lokacin shukar alkama kuwa yana wucewa. Babban akawu ya kira Malam Haruna ya ce za a sake fitar da sanarwa, in anka ƙara samun harafi guda a gidan wani, to ya ajiye aiki.

Malam Haruna ya roƙi a bari a kawo mana keken a sauya haruffan biyu. Babban akawu ya ce kayan hukuma ne, kuma mutum biyu ke ci da shi, sai in Isiyaku ya yarda. Haka sunka zo zauren Bawa su biyu da keken a tsakaninsu, ni ina bayan ƙofa.

"Harafi biyu ne, Malam Bawa," in ji tsoho. "A mayar da kowa ɗakinsa."

"Ɗakinsa yake, Baba," in ji Isiyaku. "Kai ne baƙo a gidan."

"Tun ba a yanke maka cibiya ba nake buga Zamfara."

"Shi ya sa ta gaji ta zama Wamfara."

Isiyaku ya ce shi ma yatsunsa sun haddace keken yadda yake, in anka taɓa shi an gyara ƙafar wani an karya tasa ke nan. Don Bawa ya gani da idonsa, kowa ya zauna ya buga 'yan layuka. Bugun Malam Haruna kamar ruwan sama a kan kwano, bai ɗaya, sai can ka ji ya yi tuntuɓe ya tsaya. Na Isiyaku yana da sauri, ban rage masa ba, amma sauri ne irin na kaza a kan tsaba, ta caccaka uku huɗu ta ɗaga kai. Mai bugu da ido yana numfasawa a tsakiyar kalma. Tabaran nan ba don rana yake sa shi ba, don kada a ga idonsa na kan maɓallai ne.

Ga abin da ya sa wannan ya dame ni. Kowane harafi wuri biyu yake a jikin keke. Akwai hular maɓalli, inda anka zana shi don ido, akwai kuma ɗan ƙarfen da ke kan sanda, wanda ke dukan takarda. In na sauya ƙarafan na sauya hulunan, mai bugu da hannu ya samu abin da yake so, mai bugu da ido kuwa bai rasa kome ba, idonsa zai bi harafin duk inda ya koma. Bayan sun tafi na gaya wa Bawa. Ya ce keke anka kawo mana gyara, ba mutum ba. In Isiyaku bai faɗa da bakinsa ba, mu ba mu ji kome ba. Na ga gaskiyarsa, na kama bakina.

Ranar wata Talata, Bawa yana kasuwa, na ji sallama a zaure. Isiyaku ne, ya ɗauro keken a bayan babur. Munka gaisa ta bayan ƙofa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya sake tambayar gida. Sannan ya ce kwanakin nan Malam Haruna da zare yake zuwa ofis. Yana ɗaure ɗan ƙaramin yatsansa na hagu da na kusa da shi, wai don su daina tafiya inda sunka saba, kamar akuya mai ɓarna. Yatsan har ya kumbura. Jiya kuma a sahun la'asar ya ga yatsun tsohon suna motsi a kan cinya, sama, ƙasa, sama, ƙasa.

"Inna, a sauya," ya ce. "Har da hulunan. Ni kallo nake yi."

Na ce masa ai kowa da yadda Allah ya hore masa. Na tambaye shi ko babban akawu ya sani. Ya ce daga wurinsa yake, ya gaya masa kome, shi kuwa babban akawu ya ce takarda mai tsabta yake so ko da hanci anka buga ta.

Wannan aiki ban taɓa yin irinsa ba, ban kuma sake ba. Ɗan ƙarfen harafi da dalma anka like shi a kan sandarsa. Na hura gawayi, na sa bakin ƙarfen da Bawa ke narka dalma da shi ya yi zafi, na naɗe sandunan da ke maƙwabtaka da jiƙaƙƙen tsumma don kada nasu ya narke. Allah ya taimake ni, sandar W da ta Z kafaɗa da kafaɗa suke, karkatarsu kusan guda. Cirewa ba wuya. Mayarwa ita ce aiki, don in harafi ya ɗaga da kaurin gashi guda, duk kalmar da ya shiga sai ta yi ɗingishi. Sai ka ɗora shi dalma na da ɗumi, ka kai sandar har bakin robar da takarda ke naɗewa, ka danna shi ya zauna daram, ka riƙe numfashi har ya huce. Daga nan in buga shi tsakanin tsani biyu, in ɗaga takarda a rana in duba ko ƙafafunsu na kan layi guda. W ya zauna tun farko. Z sai da na narke shi na sake, na kuma sakewa, na ƙone babban yatsa a kansa. Hulunan kuwa da bakin sukudireba na ɓalle su, aikin da ko Nura zai iya.

Da la'asar sakaliya Bawa ya dawo, Isiyaku ya je ya ɗauko Malam Haruna. Tsoho ya zauna gaban keke, ya warware zaren yatsansa, ya yi bisimilla. Bawa ya ce masa ya buga kalmomi ukun nan: ruwa ya zo. Ya buga a hankali, yana lura da kowane yatsa. Isiyaku ya leƙa takarda. Malam Haruna ya leƙa shi ma. Ruza ya wo. Horon da ya yi wa hannunsa da zare ya fara kamawa, yanzu hannun ya tsaya tsakanin gida biyu, bai san wanne ne nasa ba. Ya sake gwadawa, wata kalma ta fito daidai, ta bayanta ta karkace. Sanarwa kuwa gobe da safe ake son ta.

Malam Haruna ya ɗora hannuwansa a gwiwa ya daɗe yana dubansu. Can ya zare takardar, ya sa sabuwa, ya miƙa wa Isiyaku rubutun sanarwar, ya ɗaga kai ya kafa wa azarar zaure ido.

"Karanta mani, ɗana. Da sauri. Kada ka bar ni in yi tunani."

Isiyaku ya fara karantawa. Tsoho ya ce ya ƙara sauri. Ya ƙara. Sai na ji ruwan nan ya sauko a kan kwano, bai ɗaya, ƙararrawa na bugawa a ƙarshen layi, hannu na maido da kan keke, babu tuntuɓe, har takarda ta ƙare. Isiyaku ya zare ta ya kai bakin ƙofa wurin haske. Ya bi ta da yatsa layi layi, ya kai ƙasa, ya koma sama ya sake bi.

"Babu ko ɗaya, Baba."

Malam Haruna ya riƙe aikinsa har ya yi ritaya da kansa. Amma a yammacin nan ba su ko bar ƙofar gida ba sai da sunka samu sabon abin faɗa. Suna ɗaure keken a babur, tsoho ya ce tunda an fara gyara, Isiyaku ya daina matsar masa da bakin layi, yana barin fili a gefen takarda kamar za a shuka albasa. Isiyaku ya ce haka ake yi a takardar Turanci, kuma harafi biyu ya bayar, bai ba da gefe ba. Malam Haruna ya ce a kotu da mutum ya bar fili haka da alƙali ya tambaye shi ko takarda ta ubansa ce. Isiyaku yana tura babur, tsoho yana dafe da keken ta baya don kada ya girgiza, ina jin muryoyinsu har sunka sha kwanar masallaci.